Shekarar da Yaya Ya Daina Ganin Geji

Yayana malamin gona ne, kuma a kan mashin ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Ƙananan mashinan nan ne da ake ba ma'aikata su shiga ƙauyuka da su, yana bin manoman citta yana nuna musu yadda za su zaɓi iri da yadda za su lulluɓe gona da ciyawa bayan shuka. Da ya ajiye aiki kowa ya zaci zai ƙara ɗaki a gida ko ya sayi 'yar mota. Sai ya tafi Jos, ya dawo Kafanchan a kan wani ƙaton mashin baƙi irin na masu doguwar tafiya, da gilashi a gaba da akwatuna biyu a gefe. Na hannu ne, ya sha hanya kafin ya zo hannunsa, amma injin lafiya lau. Matarsa ta daɗe ba ta sakar masa fuska ba a kan sayen nan.

Gida ɗaya muke a lokacin. Ni ina koyar da lissafi a wata sakandare a cikin gari, ina zaune a ɗakin baya na gidansa, iyalina kuwa suna Zonkwa, sai ƙarshen mako nake zuwa wurinsu. Ya girme ni sosai, shi ya riƙe ni a makaranta bayan rasuwar mahaifinmu. Ban taɓa kiran sunansa ba. Yaya nake ce masa, matarsa kuma Anti.

Abin da ya fi damunsa a mashin ɗin nan shi ne iskar taya. Yakan bar shi da laka kwana da kwanaki bai wanke ba, amma ba ya fita ƙofar gida bai auna iska ba. Yana da wani ɗan geji na auna iska mai fuska kamar ta agogo, da jan famfo na ƙafa da ke zama a akwatin hagu. Da safe, tun rana ba ta taɓa taya ba, zai ɗora mashin a kan babbar ƙafarsa ta tsakiya, ya durƙusa, ya kwance 'yar hular bawul, bakin da ake buga wa taya iska, ya riƙe ta a leɓe don kada ta ɓace, sannan ya danna geji. Gaba talatin da shida, baya arba'in da biyu in akwai mutum ko kaya. Bai yarda a auna bayan an yi tafiya ba, ya ce taya in ta ɗauki zafi lambar da za ta ba ka ba ta gaskiya ba ce. Ba ya kuma kai shi wurin masu faci su buga masa iska. Ya ce injinsu na tayar mota ne, kafin ka ce a tsaya iska ta wuce kima. In ya gama sai ya shafa yawu a bakin bawul, ya jira ya ga ko zai yi kumfa, sannan ya mayar da hula.

Da mashin ɗin ya je Jos ba adadi, ya je Lafia, ya je biki da jana'iza a duk inda aka san shi, kuma an san shi da yawa. In ya dawo sai ya zauna a ƙarƙashin mangwaro yana ba mu labarin hanya, inda kwalta ta fashe, inda aka sa sabon shinge, ƙauyen da citta ta yi kyau. Ban taɓa ganinsa cikin walwala kamar a shekarun nan ba.

Wata safiya a ƙarshen rani ina shirin tafiya makaranta ya kira ni, ya miƙo mini gejin ya ce in duba masa, gilashin ya karce. Na duba na faɗa masa. Gilashin bai karce ba, amma ban kawo komai a raina ba. Washegari ma ya kira ni, da ranar da ta biyo. Har ya zama ba na ɗaukar jakata sai na tsaya na karanta masa gaba da baya. Daga nan na fara lura da wasu abubuwan. Yana cikin dattawan ikilisiyarmu, kuma shi ke yawan karanta nassi ranar Lahadi, sai ya fara miƙa wa wani yana cewa maƙogwaro ke damunsa. Waya in ta yi ƙara ba ya duba mai kira, sai ya ɗauka ya tambayi ko wane ne. Ya daɗe da ciwon suga, magani kuwa sai ya tuna yake sha.

Ranar da na tabbatar, hular bawul ce ta kuɓuce daga bakinsa ta faɗi kusa da gwiwarsa. Baƙa ce, ƙasar kuwa an share ta fes, ko daga inda nake tsaye ina ganinta. Shi kuwa sai ya shiga lalube da tafin hannu, yana wuce ta yana dawowa. Na sunkuya na ɗauka na sa masa a hannu. Na tambaye shi me yake gani. Ya ce kamar hayaƙi ne ke zama a tsakiyar duk abin da ya kalla, amma gefe-gefe yana gani sarai, hanya ma yana ganinta. Ya ce tabarau ne kawai ya tsufa, in an cire citta zai je Kaduna a duba. Ya ce kada in gaya wa Anti, za ta ɗaga hankalin gida a kan abin da bai kai ba.

A makon nan aka ɗaura auren 'yar wani tsohon abokin aikinsa a Kagoro, ya ce in raka shi. Na hau bayansa da niyyar in ga tuƙin da idona. Tafiyar ba ta da nisa, kuma da farko ban ga abin zargi ba, yana kauce wa ramuka kamar yadda ya saba. Mun kusa gindin dutsen Kagoro sai ga wata farar bas ta tsaya a kan kwalta ana sauke buhuna. Tun daga nesa na gan ta. Na jira ya rage gudu, bai rage ba. Sai da na buga masa kafaɗa na yi ihu sannan ya karkata, akwatin dama ya goge jikin bas ɗin, muka tsaya can gaba a cikin ciyawa. Wata mata da goyo tana saukowa daga motar a daidai lokacin, ƙafarta ɗaya a ƙasa. Ba abin da ya same ta. Kwandasta ya biyo mu yana zage-zage da Turancin buroka, Yaya ya ba shi haƙuri ya ce birki ne ya yi masa gardama.

A wurin biki ya ci ya sha, ya yi raha da tsoffin abokansa. Ni kuwa na koma gefe na zauna. Da za mu dawo ban iya barinsa shi kaɗai ba, na sake hawa bayansa, ina faɗa masa duk abin da ke gaba, rami, akuya, mai keke, mota. Bai ce in yi shiru ba, wannan ma ya ƙara tsorata ni. Da muka isa gida, tun bai cire hular kwano ba na ce masa ko ya gaya wa Anti da bakinsa, ko ni in gaya mata. Ya ce in na yi haka, in san abin da na yi.

Na ba shi kwana ɗaya, bai faɗa ba. Na sami Anti a kicin tana tankaɗe, na gaya mata komai har da matar nan mai goyo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta daɗe tana zargi, don ya daina cewa komai a kan tsakuwa a cikin shinkafa, shi da ba ya barin ko ɗaya ta wuce. Na zaci za ta same shi a ɗaki su yi magana su biyu. Amma ta san mijinta, ta san ba zai saurare ta ba, sai ta tafi wurin Fasto.

Ranar Lahadi bayan sujada Fasto ya zo da dattawa biyu, suka zauna a falo. Aka kira ni na faɗi abin da ya faru a hanyar Kagoro, Yaya yana zaune yana ji. Fasto ya yi magana mai taushi, ya yi addu'a, daga ƙarshe ya roƙi a ba shi makullin mashin ya ajiye har a ga likita. Yaya ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko ya ajiye a kan tebur. Kafin mako ya zagayo duk ikilisiya ta ji. Matan ƙungiyar zumunta ta ikilisiya suka riƙa zuwa gaisuwa rukuni-rukuni, suna zama shiru kamar gidan makoki, shi kuwa yana ciki ya ƙi fitowa.

Tun daga ranar ya daina yi mini magana. In na gaishe shi sai ya amsa a maƙoshi. Da can tare muke cin abincin dare, sai Anti ta fara kawo mini nawa ɗaki. Da za su je asibitin ido a Kaduna na ce zan raka su, ya ce wa Anti, ba ni ba, ba ya buƙata. Suka bi motar haya ta Kachia da Kasuwan Magani, suka dawo da labarin da nake tsoro. Suga ya ci bayan idon. Na hagu ya yi nisa, na dama za a yi ƙoƙari a riƙe abin da ya rage. Zancen tuƙi kuwa likita ya ce ya ƙare.

Duk da haka bai daina auna iska ba. Mashin yana nan a rumfa, ba makulli, ba inda za shi, amma kowace safiya ina ganinsa ta tagar ɗakina ya durƙusa. Zai danna geji, ya ɗago shi ya juya wajen rana, ya kawo shi dab da idon dama, ya daɗe a haka. Daga nan sai ya ɗauko famfo ya taka 'yan takawa a kowace taya, ya mayar. Wata rana na kasa jurewa na fito na ce, "Yaya, kawo in duba maka." Ya sa gejin a aljihu ya shige ciki. Ban sake gwadawa ba. Na yi tunanin in tashi daga gidan, Anti ta roƙe ni in zauna, ta ce in na tafi abin zai kafe a haka. Muka yi watanni a wannan zama. Ban yi nadamar faɗa ba, amma ban san abin da zan yi da kaina a cikin gidan ba. Nakan daɗe a makaranta ina duba takardun yara don kawai kada in dawo da wuri.

A tsakiyar damina, wata Asabar da safe, ɗan baffanmu ya kira daga ƙauye. Mahaifiyarmu tana zaune a wurinsu, a gidan da aka haife mu, gaba da Zonkwa. Ya ce ta zame a bayan ɗaki ta faɗi a kan ƙugu, ba ta iya tashi, ta ƙi abinci, kuma tana kiran mu duka biyu. Ya ce ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan rafi, mota ba ta wuce mararraba, 'yan acaɓa kuma da rana ta karkata ba sa yarda su shiga hanyar.

Ina tsaye a tsakar gida da waya a hannu Yaya ya fito. Anti ta riga ta gaya masa. Ya tsaya yana fuskantar inda nake.

"Je gidan Fasto ka karɓo makulli," ya ce. "Kai za ka tuƙa."

Ita ce magana ta farko da ya yi mini kai tsaye tun ranar Lahadin nan. Anti ta ce ba ta yarda ba, ƙaramin mashin kaɗai na iya, wannan kuwa nauyinsa ya kai na saniya. Ta ce mu bi bas zuwa mararraba mu nemi 'yan acaɓa. Ya ce in muka shiga da su, wa zai fito da mu da yamma. Gaskiya ya faɗa, amma na san ba shi ne dalilinsa duka ba. Na tafi gidan Fasto. Ya tambaye ni sau biyu ko ni ne zan tuƙa, sannan ya ba ni.

Batirin mashin ya mutu saboda zama, sai da wani makaniken unguwa ya zo da nasa aka tayar. Kafin in fitar da shi daga rumfa Yaya ya ce in kashe, ba a auna ba. Ya zaro geji daga aljihu ya miƙo mini. Na durƙusa na kwance hula na danna a tayar gaba. Allurar ta wuce hamsin. Na zaci ban danna daidai ba, na sake, haka ta nuna. Ta baya ta kusa sittin. Na faɗa masa. Ya ce in maimaita, na maimaita.

Ya lallaɓa ya durƙusa kusa da ni, ya ɗora hannu a kan tayar. Ta yi tauri kamar itace. Duk safiyoyin nan da ba ya ganin lamba, tsoron kada iska ta ragu ne ya sa yake ƙarawa, har ta taru haka. Ya ce in danna ɗan tsinken da ke cikin bawul da bayan geji, kaɗan-kaɗan, ina aunawa. Iska ta riƙa fita da ƙara, hannunsa yana kan tayar har muka sauko daidai.

"Da na hau shi a haka," ya ce, "kwanar farko za ta kayar da ni."

Ya ce in shafa yawu a bawul. Na shafa, ba kumfa.

Ban taɓa tuƙa abu mai nauyin mashin ɗin nan ba. A tsaye kamar zai rinjaye ni, sai ya fara tafiya yake sauƙi. Yaya yana bayana, hannunsa a kafaɗata, yana faɗa mini lokacin canza giya tun kafin ni in ji injin ya nema. Ya ce kada in damƙe birkin gaba, kada in kalli ramin da nake gudu, in kalli inda nake so in bi. Muka ratsa Zonkwa ban tsaya a gidana ba, don ina tsoron in na sauka ba zan iya sake hawa ba.

A mararraba, inda kwalta ta ƙare, ya sa na tsaya. Ya ce a rage iska kaɗan don taya ta zauna a kan laka. Na ce ai ta yi zafi, geji ba zai faɗi daidai ba. Ya ce ya sani, in dai rage, shi zai ji da hannu. Na riƙa sakin iska yana matsa gefen tayar da babban yatsa har ya ce ya isa.

Hanyar ta lalace fiye da yadda aka faɗa mana. Muka riƙa tafiya a hankali, ƙafafuna a ƙasa, masara ta rufe mu hagu da dama. A gangaren rafi tayar baya ta zame, na yi abin da aka hana ni, na damƙe birkin gaba. Mashin ya kwanta da mu a cikin laka. Ba wanda ya ji ciwo sosai, gwiwata ce ta kurje, Yaya kuma ya zare ƙafarsa daga ƙarƙashin akwati. Amma ɗaga shi ya gagare mu. Muka gwada har numfashinmu ya ƙare, ƙafafunmu na zamewa.

Muna haka na ji motsi a cikin masara, sai ga mutane sun fito da sanduna. Gabana ya faɗi. A shekarun nan duk wanda ya bi hanyoyin dajinmu ya san wannan faɗuwar gaba, ba ya kuma tsayawa tantance ko su wane ne. Makiyaya ne, wani dattijo da samari, shanunsu na can ƙasa suna shan ruwa. Dattijon ya matso ya leƙa fuskar Yaya.

"Malam, kai ne a ƙasa haka?"

Yaya ya gane muryar nan take. Ashe tun yana aiki sun san juna, ruwa ya taɓa tsare shi ya kwana a rugarsu. Ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali da shanu, amma yana magana yana kallon gefen kafaɗar mutumin, hannun da ya miƙa kuma bai nufi inda na dattijon yake ba. Dattijon ya dube shi, ya juyo ya dube ni. Na gyaɗa kai. Bai tambayi komai ba. Ya sa samarin suka ɗaga mashin suka tura shi har tsallaken rafi, shi kuma ya kama hannun Yaya irin kamun abokai, suka ratsa ruwan suna hira a kan tsadar taki. A tsallake ya ce mu yi ƙoƙari mu fito tun da sauran rana, zai sa a duba mu a rafin.

Mama tana kwance a ɗakinta, ɗakin kuma da duhu. Ni na fara shiga. Yaya ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa, don daga hasken waje ba abin da yake gani a ciki. Ta kira shi da yarenmu. Ya nufi muryar, ƙafarsa ta bugi kujera 'yar tsugune, ya lalubi bakin gado ya zauna. Mun yi shawara a hanya ba za mu gaya mata zancen idon ba, kada mu ƙara mata damuwa.

Ta tambayi wa ya tuƙo. Na ce ni ne, Yaya ya gaji. Ta ce in daina. Ta ce tun farkon damina ta ji, a bakin wata mai sayar da daddawa da ke zuwa kasuwar Kafanchan. Kullum tana jira ɗanta ya zo ya gaya mata da kansa, ko ni in zo, ba wanda ya zo. Ta ce duk majami'a ta sani, 'yan kasuwa sun sani, ita da ta haife shi sai a bakin baƙuwa. Muryarta ba ƙarfi, amma faɗa take yi mana sosai, mu duka. Yaya ya sunkuyar da kai. Ta kamo fuskarsa da hannu biyu ta juyo da ita wajen hasken ƙofa, ta daɗe tana kallon idanun. Sannan ta sake shi ta ce a kawo mana abinci. Ta ce in ya ci ita ma za ta ci. Ya ci, ta sha ɗan koko.

Zancen asibiti kuwa ta ƙi. Ko da ta yarda ma ba yadda za a fito da ita ta hanyar nan da karyayyen ƙugu. Muka bar magungunan da Anti ta haɗo, muka shirya da ɗan baffanmu a kawo ma'aikacin lafiya daga Zonkwa, muka yi addu'a muka fito.

Samarin nan suna jiranmu a rafi kamar yadda aka ce, suka tsallakar da mu. Da muka isa kwalta hadari ya haɗu a gabas. Na so mu wuce haka, Yaya ya ce ba za a hau kwalta da taya mai laushi da mutum biyu ba, za ta yi zafi ta lalace. Na ciro famfo. Shi ya riƙe bakin tiyo a kan bawul, ni ina takawa da ƙafar da ba ta ji ciwo ba. Famfon ƙafa ba ya sauri. Ina takawa ina haki, motoci na wucewa, a nan ne ya yi maganar.

Ya ce bai riƙe ni a kan faɗar da na yi ba. Matar nan mai goyo shi ma bai daina tunaninta ba, ko da yake bai gan ta ba, kukan yaron kawai ya ji. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne zaman falon nan, a ce a gidansa, a gaban mutanen da suke zama kujera ɗaya a majami'a, ƙaninsa ya tsaya yana ba da shaida a kansa, shi kuma ya miƙa makulli kamar yaron da aka kama. Na ce ba ni na kira Fasto ba. Ya ce ya sani, amma da aka ce in yi magana ai na yi. Na tambaye shi me ya so in yi. Ya ce shi ma bai sani ba. Ya ce in auna. Na auna, da sauran kaɗan, na ci gaba da takawa.

Ruwa ya kama mu a hanya, muka iso Kafanchan jiƙe sharkaf kafin magariba. Anti tana tsaye a ƙofar gida da lema. A daren ta kawo abincinmu a tire ɗaya, ya ci bai ce a raba ba.

Mama ba ta sake tashi ba. Ta rasu kafin a cire citta, lokacin hanya ta bushe, muka je jana'iza a motar haya. Idon hagun Yaya ya rufe gaba ɗaya a cikin shekarar. Da na dama yana ganin mutum a tsaye, amma sai an yi magana yake sanin ko wane ne. Na hau mashin ɗin wasu 'yan lokuta bayan haka, ban taɓa sakewa a kansa ba, Anti kuma ba ta son ganinsa a gidan. Daga baya wani mutum ya zo daga Abuja ya saya. Yaya ne ya yarda a sayar, amma ranar da aka zo ɗauka bai fito daga ɗaki ba.

Ya ajiye dattijantakar ikilisiya da kansa, duk roƙon da aka yi masa. Yana zuwa sujada, Anti na riƙe da gwiwar hannunsa, su zauna a bencin baya su fita kafin a fara gaishe-gaishe. Ni kuma an mayar da ni wata makaranta kusa da Zonkwa, na koma cikin iyalina. Ina zuwa Kafanchan in gaishe shi, muna hira a kan gona da yara da abin da ya ji a rediyo. Ba ma faɗa, amma hirar ba ta yin nisa, in ta kai wani wuri sai ɗayanmu ya canza zance. Zuwana na ƙarshe ya ce yana so a kai shi ƙauye ya tsaya a kan kabarin Mama, don ranar jana'iza mutane sun yi yawa, an riƙa jansa nan da can. Na ce in an yi hutu zan nemi mota. Ya ce to. An yi hutun, sugansa ya tashi aka kwantar da shi, har yanzu ba mu je ba.